Ƙananan Tallafin Musayar Al'adu Tsakanin Amurka da Sin: Ramuwar Gayya Ce Ke Kashe Su

A watan Mayun 2025 Fadar White House ta aika wa Majalisar Dokoki daftarin kasafin da ya nemi a zaftare kuɗin musayar ilimi da al'adu na Ma'aikatar Harkokin Waje daga dala miliyan 741 zuwa miliyan 50, wato kashi 93 cikin ɗari. Watan bai ƙare ba sai da Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya fito ya ce za a shiga soke bizar ɗaliban Sin ba kama hannun yaro. Majalisa ce ke da wuƙa da nama a kan kasafi, kuma ba duk abin da shugaba ya nema take ba shi ba. Amma daftarin ya fallasa tunanin da ya daɗe yana yawo a Washinton, cewa haɗa Ba'amurke da Basine a ɗaki ɗaya ɓarnar kuɗi ce, in ma ba haɗari ba. Ni dai a ganina wannan tunani ya fi cutar da Amurka fiye da Sin, kuma inda cutar ta fi fitowa fili shi ne a ƙananan tallafin nan da ba kowa ke waiwayarsu ba.

Tallafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Sashen hulɗa da jama'a na ofishin jakadancin Amurka a Beijin kan fitar da sanarwa, jami'o'i da gidajen tarihi da ƙungiyoyin sa-kai da masu fasaha su nema. Kuɗin dubban daloli ne, ko dubu gomomi, gwargwadon abin da zai sayi tikitin jirgi, ya biya otal da tafinta da hayar zaure. Da su ake kai makaɗan jazz su yi wasa su kuma koyar, ko a nuna fim a zauna a tattauna, ko a haɗa malaman Turanci a taron bita, ko masu fafutukar haƙƙin naƙasassu na ƙasashen biyu su ga juna. Sharaɗin da ba ya sauyawa shi ne aikin ya ƙunshi wani abu na Amurka, ko mutum ko cibiya ko fasaha. Mai nema zai yi rajista a rumbun gwamnatin tarayya, ya cike fom, ya jera kasafinsa layi-layi, bayan an gama ya kawo rahoto da rasitai. Jakar da ake ɗebo kuɗin ba lallai ta zama wadda aka nemi zaftarewa ba, amma iska ɗaya ke kaɗa su.

Duk wannan cike-ciken mai sauƙi ne. Wahalar tana can ɗaya gefen, wurin malamar jami'ar da ta amince ta karɓi baƙin a Wuhan ko Shenyang. Sai ta bi ta ofishin harkokin waje na jami'arta, takarda ta hau teburin sakataren jam'iyya, a tambaye ta wa ya biya, wa zai yi magana, me zai ce. In an yi rashin sa'a, bayan taro jami'an tsaro su gayyace ta shan shayi, kamar yadda Sinawa ke sakaya kiran da ake yi wa mutum don a yi masa tambayoyi. Ba'amurken ya hau jirgi ya koma gida, ita kuwa tana nan da aikinta da 'ya'yanta da ƙarin girman da take jira. Shekara mai zuwa in an sake tuntuɓarta, cikin ladabi za ta ce ayyuka sun yi mata yawa.

Ana yawan ɗora laifin a kan korona, kuma gaskiya ta yi nata. A zangon 2011/12 ɗaliban Amurka da ke karatu a Sin sun kusa 15,000. A 2018/19 sun haura 11,000 da kaɗan. A 2021/22, lokacin da Sin ta garƙame iyakokinta, 211 kacal aka ƙirga, alhali ɗaliban Sin a Amurka a wannan zangon sun kai kimanin 290,000. To amma an buɗe iyakoki tun farkon 2023, kuma har cikin 2024 jakadan Amurka na lokacin, Nicholas Burns, yana kukan cewa adadin bai kai dubu ɗaya ba. Ga shi kuma raguwar ta fara tun kafin a ji sunan cutar. Annoba ta tarar da abu yana tangaɗi ne ta ƙarasa shi.

Babban dalilin shi ne harkar ta fita daga hannun malamai da jami'an al'adu ta koma hannun jami'an tsaro a ƙasashen biyu, su kuwa ba su san wani lissafi ba sai na ka yi min in yi maka.

Sin ce ta fara, wannan babu gardama. A 2010 Amurka ta ƙirƙiro Cibiyoyin Al'adun Amurka a harabar jami'o'in Sin, inda jami'ar Amurka ke haɗa kai da takwararta, kamar yadda Jami'ar Jihar Arizona ta yi da Jami'ar Sichuan. Rahoton da wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ya fitar a Fabrairun 2019 ya nuna an kashe dala miliyan 5.1 a kan cibiyoyi 29, kuma a 2017 aka daina ba da kuɗin buɗe sababbi. Dalili kuwa, wasu an biya amma ba a taɓa barin su buɗe ba, wasu sai an nemi izini kafin kowane taro, har ta kai ana hana jami'an diflomasiyyar Amurka shiga ɗakunan da kuɗin gwamnatinsu ya shirya. Wannan rahoton ya ce Sin ta zuba fiye da dala miliyan 158 a Cibiyoyin Confucius na koyar da Sinanci da ke makarantun Amurka tun 2006, ba mai tsare musu ƙofa. A ranar 1 ga Janairun 2017 dokar ƙungiyoyin sa-kai na ƙetare ta fara aiki, ta miƙa rajistarsu da sa ido a kansu ga Ma'aikatar Tsaron Jama'a, wato 'yan sanda. A Yulin 2023 aka faɗaɗa dokar leƙen asiri ta yadda mai bincike na gaskiya ma bai san inda iyakarsa take ba. A Yunin 2024 Burns ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa tun daga Nuwamban 2023 hukumomin Sin sun yi katsalandan a taruka 61 na ofishinsa, ta hanyar matsa wa mutane kada su je ko tsoratar da waɗanda suka je.

Abin tambaya shi ne me Amurka ta yi da wannan ƙorafi nata na gaskiya. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a Agustan 2018 ta ce jami'ar da ke da Cibiyar Confucius ba za ta samu kuɗin Ma'aikatar Tsaro na koyar da Sinanci ba. Jami'o'i suka auna, suka bi inda kuɗi ya fi yawa. Daga kusan ɗari, zuwa ƙarshen 2023 ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya ce waɗanda suka rage ba su kai biyar ba. Wannan mataki ana iya kare shi, tunda gwamnatin wata ƙasa ce ke biyan malamai a cikin harabar jami'arka. Wanda ba shi da kariya shi ne abin da ya biyo baya a 2020. A Janairu aka sanar da rufe shirin Peace Corps a Sin, wanda tun 1993 ya kai Amurkawa fiye da 1,300 koyar da Turanci a lardunan yamma da ba su da wadata. Ranar 14 ga Yuli Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin hukunta Beijin kan dokar tsaron Hong Kong, a ciki aka cusa layin da ya kashe shirin musayar ɗalibai da malamai na Fulbright da Sin da Hong Kong. A ƙarshen watan Amurka ta rufe ƙaramin ofishin jakadancin Sin a Houston, Sin ta rama da rufe na Amurka a Chengdu, wanda shi ne idon Amurka a kudu maso yammacin ƙasar har da Tibet.

A lura, Peace Corps da Fulbright galibi kuɗin Amurka ne, Amurka ke zaɓen waɗanda za su je, kuma abin da suka gano Amurka suke kawo wa. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma har yau ban ga wanda ya nuna abin da Amurka ta samu da wannan toka ba. Dokar Hong Kong tana nan daram. Masu ra'ayin riƙau a Beijin da suka daɗe suna jin haushin malaman Amurka a azuzuwan karkara sun samu biyan buƙata ba tare da sun ɗaga yatsa ba.

Wanda ke son ganin abin da aka yar ya dubi Peter Hessler. Peace Corps ta kai shi Fuling, wani gari a gaɓar kogin Yangtze, daga 1996 zuwa 1998. Kwalejin horon malamai ya koyar, ɗalibansa galibi 'ya'yan manoma ne, alawus ɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. A can ya koyi Sinanci a wurin malaman kwalejin da kuma shagunan taliya. Littafin da ya rubuta a kan zaman, River Town, ya fito a 2001, kuma har yau yana cikin abin da ake fara miƙa wa Ba'amurken da ke son sanin Sin. Ɗaliban nasa sun zama malamai, kowanne ya koyar da dubbai, kuma ya ci gaba da musayar wasiƙu da su shekara da shekaru. Ya koma koyarwa a Chengdu a 2019, a 2021 aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Gwamnatinsa ta rufe ƙofar da ya shiga ta cikinta, gwamnatin masu masaukinsa ta nuna masa hanyar fita.

Masu adawa da musayar suna da hujja, ba zan hana su ba. Suna cewa shekara arba'in ana kai-komo tun bayan da Deng Xiaoping da Jimmy Carter suka sa hannu a yarjejeniyar al'adu a Janairun 1979, Sin ba ta sassauta ba, ƙara tsauri ma ta yi. Suna cewa tallafin na jefa Sinawan da suka karɓa cikin haɗari, kuma satar fasaha a ɗakunan bincike ba tatsuniya ba ce. Duka gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya yi tsammanin wasan jazz zai sauya Jam'iyyar Kwaminis shi ya yaudari kansa, ba don haka aka yi tallafin ba. Batun leƙen asiri kuwa na injiniyan makamai ne da na'urorin lantarki, bai shafi taron malaman Turanci ba. Shirin farautar 'yan leƙen asiri a jami'o'i da Ma'aikatar Shari'a ta ƙaddamar a 2018 ma sai da aka rufe shi a Fabrairun 2022, bayan shari'o'i da dama sun wargaje, ya bar malamai 'yan asalin Sin cikin fargaba.

Gurbin da Amurka ta bari Beijin ce ke cike shi, bisa sharuɗanta. A Nuwamban 2023 a San Francisco, Xi Jinping ya ce zai gayyaci matasan Amurka 50,000 cikin shekaru biyar. An kuwa fara, har da 'yan sakandaren Muscatine ta jihar Iowa, garin da Xi ya sauka a 1985 yana ƙaramin jami'i. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye na mako ɗaya ko biyu ne: Babbar Ganuwa, jirgin ƙasa mai gudun tsiya, dabbar panda, liyafa, hoto. Ba laifi yaro ya ga duniya. Amma mai masauki ne ya biya, shi ya tsara inda za a je da wanda za a gani, kuma ba a koyon Sinanci a kwana goma. Ƙaramin tallafin ofishin jakadanci, duk ƙanƙantarsa, shi ne wurin da Amurka ke da ta cewa a kan abin da za a tattauna.

Sakamakon da zai fi daɗewa shi ne na ƙwararru. Waɗanda suka zauna a Sin a shekarun 1980 da 1990 suna ritaya, na bayansu kuwa Taiwan ake tura su. Shirin koyon Sinanci na bazara na Jami'ar Harvard ya sanar da ƙaura daga Beijin zuwa Taipei a 2021. Harshen za su iya, amma wanda ya koyi Sinanci a Taipei bai san yadda ake shawo kan jami'in gunduma a Henan ba. Ƙasar da cinikin kayanta da Sin ya haura dala biliyan 500 a shekarar 2024, wadda jiragen yaƙinta ke gogayya da na Sin a teku, tana shirin miƙa wannan hulɗa ga mutanen da suka san abokiyar hamayyar tasu ta hoton tauraron ɗan'adam. A ɗaya ɓangaren, ko da ɗaliban Sin a Amurka suka ragu daga 372,000 a 2019/20 zuwa 277,000 a 2023/24, har Indiya ta sha gabansu, Beijin ba za ta rasa wanda ya san Amurka ciki da bai ba. Mu ma nan mun ɗanɗana irin wannan lissafi a Maris ɗin 2025, lokacin da aka dakatar da Muryar Amurka sashen Hausa ya yi tsit, Rediyon Sin kuwa ya ci gaba da watsa shirye-shiryensa da Hausa.

Akwai kuma illar da ba ta shiga ƙididdiga. Idan haɗari ya ƙaru, masu neman tallafin sai su koma manyan cibiyoyi masu lauyoyi, irin jami'o'in da ke da reshe a Shanghai ko Kunshan, batutuwan kuma su koma waɗanda ba sa tayar da ƙura. Ƙaramar ƙungiyar da ke wani lardi mai nisa, wadda don irinta aka yi tallafin tun farko, ita ce ke fara janyewa.

Kada kuma a ɗauka laifin jam'iyya ɗaya ne. Wasu 'yan majalisa sun gabatar da ƙudurin maido da Fulbright a Sin, bai je ko'ina ba. Joe Biden ya yi shekaru huɗu a kan mulki, ya gana da Xi a Bali da Kalifoniya da Lima, an yi ta maganar ƙarfafa zumunci tsakanin jama'a. Soke wancan layin na umarnin 2020 sa hannu ɗaya yake buƙata, kuma har ya bar Fadar White House a Janairun 2025 bai sa ba.