Sana'ar Ƙawata Ɗaki a Arewacin Zamfara: Kasuwa Ta Buɗe, Shiri Ya Yi Ƙaranci

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ɗakin amarya ne ke nuna inda harkar adon gida ta dosa. Shekaru talatin da suka wuce, idan an je jere, gwaggwanni da ƙawayen uwar amarya ne ke aikin. Su kafa gadon ƙarfe mai rumfa, su jera kwanoni da tasoshi da fanteka a kabad, su shimfiɗa leda a tsakar ɗaki, su rataya labule a ƙofa. Ba a biyan kowa, zumunci ne. Yau a gidan mai ɗan hali, kafin 'yan jere su iso, mai silin POP ya gama nasa, mai tayil ya shimfiɗa, mai fenti ya shafa, kafinta ya haɗa saitin gado, tela ya ɗinka labule mai hawa biyu. Abin da ya kasance gudummawar dangi ya koma sana'a, kuma matasa, har da ɗalibai, suna ta kwarara cikinta.

Dalili na farko na wannan sauyi yana cikin ginin kansa. Ɗakin ƙasa da aka gina da tubali, aka rufe da azara, katangarsa na da kauri, tana tare zafin rana, sai dare ya yi ta sake shi a hankali. Da aka koma bulon siminti da rufin kwano, an huta da yaɓe duk shekara da fargabar damina, amma an gayyato zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a wannan yanki, kuma ɗakin kwano mara sili ba ya zaunuwa da tsakar rana. To ka ga sili ya shigo ne a matsayin larura. Daga nan sai maigida ya ce tunda za a yi, a yi mai kyau. Haka tayil ya maye gurbin daɓe, fenti ya maye gurbin farar ƙasa.

Sai kuma wayar hannu. Da can finafinan Kano da na Indiya ne ke nuna wa mutane falon masu kuɗi. Yanzu budurwa a Moriki tana kallon ɗakin da aka ƙawata a Dubai ko Santambul ta TikTok da Instagram, ta ajiye hoton, ranar da aka sa mata rana ta miƙa wa mai aiki ta ce, “Irin wannan nake so.” Shi ma mai aikin a waya ya koyi rabin abin da ya sani, a waya kuma yake tallata kansa. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa da kasuwannin mako a Zamfara cikin Satumban 2021, an ga yadda duk sana'ar da ta jingina da waya ke durƙushewa dare ɗaya.

Akwai dalili na uku mai ɗaci, wato rashin tsaro. Fiye da shekaru goma ke nan ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi na cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba. Ƙauyuka sun watse, jama'a sun taru a manyan garuruwa, ɗakunan haya sun yi daraja, saurayin da ya saba da gona ya rasa hanyar zuwa gonar. Amma a nan ya kamata a yi hattara wajen lissafi. Wanda ya baro garinsu da tabarma a ka ba shi ne zai sa a yi masa silin POP ba. Abin da gudun hijira ya ƙara wa wannan sana'a shi ne hannaye, ba masu ba da aiki ba. Masu biya har yanzu su ne 'yan kasuwa, da ma'aikata, da iyayen amare. Idan hannaye sun fi aiki yawa, farashi ne ke faɗuwa, kuma inganci ke biyo shi. A kan wannan sai a ɗora ɗaliban da ke kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, su fito su tarar babu gurbin aikin gwamnati da ke jiransu.

Alherin wannan sana'a a fili yake. Ɗaki ɗaya na iya ciyar da kafinta, da mai walda, da mai wayarin, da mai fenti, da tela, da yaran shagonsu. Ba a buƙatar jari mai nauyi kafin a fara. Wani abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne damar da mata ke da ita. A gidajenmu namiji baƙo ba ya wuce zaure sai da dalili, kuma ko ya shiga, uwargida ba za ta zauna ta bayyana masa yadda take son ɗakinta ba. Mace ce za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta auna, ta ji buƙata, ta ba da shawara. Yarinyar da ta iya ma'auni da ɗinkin labule da haɗa launi tana riƙe da kasuwar da babu namijin da zai ƙwace mata, kuma ba sai ta buɗe shago a bakin titi ba.

Illolin ma ba ɓoyayyu ba ne. Kayan ɗaki a al'adarmu nauyin iyayen amarya ne, kuma duk hoton da ya shigo waya ƙarin kaya ne a wuyan uba. Ana sayar da gona ko dabba, ana cin bashi, ana ɗaga biki, saboda kada a ce ɗakin wance ya fi. Sannan yawancin kuɗin ba ya kwana a garin. Yadin labule daga Kantin Kwari yake zuwa, kayan gini daga Ƙofar Ruwa a Kano ko daga Gusau, kuma da yawansu asalinsu daga Sin ne ko Turkiyya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na kaya suka tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Mai aikin da ya yanke farashi yau, ya karɓi kafin alƙalami, ya je sayayya bayan mako biyu, sau da yawa daga aljihunsa yake cikawa, ko kuma ya rage inganci a ɓoye. Araha dai ba ta ado.

Amma a ganina babbar matsalar ba kuɗi ba ce, rashin shiri ne. Mutum biyu ne ke shiga wannan sana'a, kowanne da rabin ilimi. Ɗalibin kwaleji ya iya zanen ɗaki a takarda, ya san sunayen abubuwa da Turanci, amma bai taɓa kwaɓa garin POP ba, bai san cikin 'yan mintuna yake daskarewa ba. Yaron shago kuwa hannunsa ya faɗa, amma ba ya iya karanta zane, ba ya iya rubuta ƙiyasin kuɗi. Idan suka haɗu a wurin aiki, ba sa jin yaren juna. Hajiyar da ta ba da aikin ita ma da nata yaren. Za ta ce tana son ɗakin ya fita, ko ya yi fili, ko kada ya yi hayaniya. Gwanin sana'ar shi ne wanda zai ji wannan magana ya mayar da ita ƙafa da inci, da launi, da adadin kaya.

Shi ya sa kalmomin farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe ba na burga ba ne, na aiki ne. Akwai ma'auni: tsawo, faɗi, da tsayin bango daga ƙasa zuwa sili. Akwai zanen ƙasa, wato siffar ɗaki kamar an ɗage rufinsa ana kallo daga sama, inda ake nuna ƙofa da taga da mazaunin kowane kaya. Akwai hanyar wucewa, da daidaito tsakanin girman kaya da girman ɗaki, da wurin da ido ke fara sauka idan an shigo. Akwai haske, na rana da na lantarki, da shigar iska da fitarta, da santsi ko kaushin abin da aka shafa ko aka shimfiɗa.

A ɗauki ɗakin da aka fi ginawa a garuruwanmu, mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi. Gado mai ƙafa shida kowane ɓangare ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na filin. A ƙara sif da madubi da durowa biyu na gefen gado, sai ka tarar amarya na bin gefe-gefe kafin ta kai taga, ƙofar sif ba ta buɗuwa gaba ɗaya, wurin shimfiɗa darduma don salla ma sai an nema. Hoton da aka kwaikwaya na ɗakin da ya ninka wannan girma ne. Wanda ya yi zanen ƙasa tun farko zai hango matsalar kafin kafinta ya yanka katako. Haka lissafin tayil. Wannan ɗaki kusan murabba'in mita 13 da rabi ne. Idan tayil mai santimita 60 kowane ɓangare za a sa, ana buƙatar kamar guda 38, sai a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 42. Labule kuwa, in ana son ya yi ninki mai kyau, yadin kan ninka faɗin taga sau biyu ko biyu da rabi. Wannan lissafin ajin ƙaramar sakandare ne, amma rashinsa ne ke haddasa yawancin rigingimun da ke tsakanin mai aiki da mai gida.

Bayan ma'auni sai sanin ƙasar da ake aikin a cikinta. Kafet mai gashi da labule mai nauyi sun dace da garin sanyi. A nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ce za ta maƙale a cikinsu. Silin POP ba ya jure ruwa, don haka idan kwano na yoyo, damina ɗaya ta isa ta ɓata shi. Jeren ƙananan fitilu a sili ba shi da amfani a unguwar da wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, gara a tsara fitilar sola tun farko. Magina na da sun san irin wannan lissafi. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizo da ake zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Magabatanmu sun san makuba da katsi wajen kare bango daga ruwa, sun san zanen dagi, sun san dalilin da ya sa zaure ke gaba, ɗakin mata ke ciki. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa dole ba. Cewa nake ɗalibin da ya haɗa wannan sani da kayan zamani zai fito da abin da ba a samu a hoton Dubai, kuma shi ne za a nema har a Gusau da Sakkwato.

Batun lafiya ma na cikin shirin. Ƙurar da ke tashi wajen goge bango da yanka tayil tana cutar da huhu, ga shi da wuya ka ga yaro sanye da takunkumi. Wayar lantarki mara kyau da aka ɓoye a bayan silin roba hanya ce ta gobara. An kuma sha samun dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a Najeriya. Jihar da ta rasa ɗaruruwan yara sanadin gubar dalma a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan wannan.

Hanyoyin shiri suna nan, amfani da su ne ya yi rauni. Shirin SIWES na asusun ITF yana tura ɗaliban kwaleji koyon aiki na wasu watanni, amma da yawa ofis suke nema su zauna a sa musu hannu a littafi. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawar sana'o'i irin su kafinta da fenti da ado, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma na da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a shago, ba a aji ba. Mai son zurfafa karatu yana da sashen zanen gine-gine da na zanen kayan masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kwalejin Ƙaura ce ta fi kowa damar haɗa ɓangarorin biyu. Za ta iya buɗe gajeren kwas da Hausa ga yaran shago, a koya musu karanta zane da rubuta ƙiyasi, ta kuma gayyato tsofaffin kafintoci da magina su tsaya gaban ɗalibai. A ware wa mata nasu ajin.

Kai kuma ɗalibi, ko ke ɗaliba, kada ku jira sai an buɗe wannan kwas. A hutun da ke tafe ku nemi maigida mai aikin kirki a garinku, ku zauna ƙarƙashinsa ko da ba biya. Ku sayi tef ɗin awo da littafi, ku auna ɗakunan gidanku ku zana su, ku shiga kasuwa ku rubuta farashin kaya duk mako, ku ɗauki hoton aikin da hannunku ya yi, ba na wani ba. Duk aikin da za ku karɓa, ku rubuta yarjejeniya da ke nuna kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da ranar da farashin zai daina aiki, kowa ya sa hannu a gaban shaida.