Kafin a cinna wa sharar ƙofar gida wuta

Tun da hunturun bana ya kama, wata baiwar Allah ta zo kantinmu na magani sau biyu cikin mako shida tana sayen abin shaƙa na asma, wato salbutamol, saboda ɗanta mai shekara shida. Gwangwani ɗaya shaƙa 200 ne a cikinsa, don haka zuwanta na biyu ya sa na ajiye abin da nake yi. Na ce, "Hajiya, me ke tayar masa da ciwon haka?" Ta ce hazo ne. Na tambaye ta lokacin da tarin ke tsananta, ta ce bayan magariba da kuma goshin asuba. Ai hazo wuni yake yi, ba ya jiran magariba. Sai da muka ɗan tattauna sannan ta tuna cewa a lungun da tagar ɗakin yaran ke kallo ne gidaje huɗu suke tara shararsu, kullum da yamma a banka mata wuta.

Duk wanda ya ratsa Gwange, Bulumkutu, Bolori ko Hausari da yammacin Disamba ya san wannan wari. Mun saba da shi har ba ma ɗaukarsa a bakin komai.

A lokacin sanyi, da rana ta faɗi iskar da ke kusa da ƙasa tana yin sanyi da nauyi, iska mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin da aka tayar a irin wannan lokaci ba ya hawa sama, kwanciya yake yi a unguwa, ya bi tagogi da ƙarƙashin ƙofa. Ga shi dama iskar garin cike take da ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi. Wutar bola kuma ba ci take yi sosai ba, turnuƙewa take yi har gari ya waye, kuma irin wannan wuta ta fi mai harshe yawan hayaƙi mai guba.

Sharar da iyayenmu suke ƙonawa a da ganyen darbejiya ce da kara da ɓawon gyaɗa. Ta yanzu kuwa a duba ta: ledar fiya wata, famfas, robar lemo, tsohon silifas, guntun bututun ruwa, wayar lantarki, batir. Hayaƙinsu na ɗauke da ƙwayoyin ƙura da masana ke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa can cikin huhu, wasu har cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska na jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara a faɗin duniya. Yaro ya fi babba saurin numfashi, kuma huhunsa bai gama ƙwari ba, shi ya sa shi ne farkon fara tari. Bayansa sai tsofaffi, masu juna biyu, masu ciwon zuciya da masu sikila.

Akwai kuma gubar da ake kira dayoksin, wadda ke fita idan aka ƙona roba mai sinadarin kilorin, irin ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki. Ita ba ta tafiya da iska ta ɓace. Tana sauka a ƙasa da toka, kajin gida su yi tono a wurin, ta taru a kitsensu da gwaiduwar ƙwansu, mu kuma mu soya wa yara. Tana daga cikin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta nemi ƙasashe su rage, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar.

To, doka fa? Mutane da yawa suna mamaki idan na ce musu akwai ta. Hukumar NESREA, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idoji na musamman da aka fitar a 2011 kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili. A ƙarƙashinsu, wanda zai sa wa daji ko fili mai ciyawa wuta sai ya nemi izini tukuna, kuma saɓa musu na iya kai mutum ga tara ko ɗauri. A lura, izinin nan domin irin aikin sharar gona da makamantansa aka yi shi. Ba takarda ba ce da za ta halasta wa mutum turnuƙe maƙwabtansa da hayaƙin taya da leda a tsakiyar gari. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ita ma ta daɗe da ɗaukar gurɓata iska ta yadda za ta cutar da jama'a, da sakaci da wuta, a matsayin laifi. Idan wutarka ta tsallaka ta cinye shagon wani, cewa "shara kawai nake ƙonawa" ba zai fitar da kai ba.

A nan Borno, hukumar BOSEPA ce ke kula da tsaftar muhalli, kuma ita da jami'an duba-gari ne ya kamata a tuntuɓa kafin duk wani ƙone-ƙone mai yawa, ko idan ana son kai ƙorafi. Kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, wato a wurinmu MMC da Jere.

A nan ne nake ganin ba adalci ba ne a ɗora wa matan gida laifin duka. Ba don sha'awa mace ke tsayawa cikin hayaƙi da goyo a baya ba. Garin ya cika ya batse tun da rikici ya koro jama'a daga ƙauyuka, lunguna da yawa mota ba ta iya shigarsu. Idan shara ta taru, ko dai a ƙona, ko a tura ta kwata ko kogin Ngadda, kuma tun ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024 kowa ya ga amfanin magudanar ruwa a buɗe. Dokar da ta hana ƙonawa ba za ta yi tasiri ba sai an samar wa mutane inda za su kai. Amma wannan uzuri bai rage wa hayaƙin guba ko kaɗan ba, kuma ƙirjin yaro bai san da shi ba.

Abin da ke hannunmu shi ne rarrabewa. Ragowar abinci da ɓawon kayan miya na dabbobi ne, ganye kuma a binne shi a rami ya zama taki. Robobin ruwa da na lemo da gwangwanaye akwai masu saye. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage ba ya cika buhu a mako, gidaje biyar za su iya haɗa kuɗin mai baro ya kai shi inda hukuma ke kwashewa.

Akwai abubuwan da nake roƙo kada su kusanci wuta ko da wane dalili, domin aikina ya sa na ga illarsu. Gwangwanin maganin sauro na fesawa, na turare, da shi kansa abin shaƙar asma, ko sun ƙare akwai sauran iska a matse a ciki, suna fashewa su yi tsalle kamar harsashi. Batir ma haka. Magungunan da wa'adinsu ya wuce kada a ƙona su, kada kuma a watsa su bola inda yara ke tsince-tsince. A ɗaure su a leda a kawo wa mai harhaɗa magunguna, ya san hanyar da ake bi a lalata su.

Sai batun gobara. Iskar hunturu ba ta da tabbas, komai kuma ya bushe. Tartsatsi ɗaya ya isa zana ko rumfar buhu, balle inda ake ajiye jarkar fetur. Garin da ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Monday Market a ranar 26 ga Fabrairu 2023 ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. Ita ma tokar da ake gani kamar ta mutu, ƙarƙashinta garwashi ne, kuma yara marasa takalmi ne ke taka ta da safe. Idan haka ta faru, a tara wurin a ruwa mai tsafta, mai ɗan sanyi, na tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. A rufe da ƙyalle mai tsafta, kada a fasa bororon. Ƙunar da ta shafi tafin ƙafa, hannu, fuska ko al'aura, ko ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce nan take.

Ita Hajiyar da na fara da labarinta, abu biyu na gaya mata. Na farko ta mayar da yaron wurin likita, domin duk mai asmar da ke buƙatar abin shaƙa fiye da sau biyu a mako ciwonsa bai kwanta ba, mai yiwuwa yana buƙatar maganin rigakafin tashinsa da ake shaƙa kullum. Na biyu, kada ta fita ta yi cacar baki da maƙwabta, maigidanta ya sami Bulama a yi zama. Ta ce mini nauyin maganar take ji, don su ma a lungun suke zuba tasu sharar. Na ce to ai ta nan za a fara.

Ta dawo makon jiya sayen maganin mura. Gidaje uku sun yarda da karo-karon mai baro, na huɗun har yanzu yana ƙona tasa, amma ya matsar da ita can bakin fili kuma da rana tsaka yake yi. Yaron ta sauya masa ɗaki zuwa wanda ke kallon tsakar gida, gwangwanin da ta saya a zuwanta na biyu kuma bai kai rabi ba.