Wa Zai Riƙe Kyamarar a Kanya Babba?

A shekarar 2019, a bikin finafinai na Venice da ke Italiya, wani ɗan Najeriya mai suna Joel Kachi Benson ya lashe kyautar labari mafi kyau a rukunin finafinan da ake kallo da tabarau na musamman. Fim ɗin nasa, Daughters of Chibok, minti 11 ne kacal, a kan iyayen 'yan matan da aka sace a 2014. Wanda ya sa tabaran nan ba allo yake kallo ba. Tsintar kansa yake yi a tsakiyar garin Chibok, ya waiga dama ya ga gida, ya waiga hagu ya ga gona, uwar da ke magana kuwa tana gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa ta.

Yadda abin yake ba tsafi ba ne. Kyamarar tana da idanu biyu ko fiye, kowanne na kallon nasa ɓangaren, sai manhaja ta ɗinke hotunan su zama da'ira guda. Shi ya sa mai ɗauka ba shi da wurin tsayawa: ya kafa kyamara, ya ruga ya ɓuya bayan bishiya, in ba haka ba ya fito a fim. Tun 2015 YouTube da Facebook ke karɓar irin wannan bidiyo, kuma da waya da tabarau na kwali ana iya kallo.

Labarin na Arewa ne, amma kamfanin da ya ɗauke shi a Legas yake. Can ne kuma Judith Okonkwo ta buɗe Imisi 3D a 2016, inda matasa ke zuwa su gwada kayan aikin. Electric South, mai ba masu wannan sana'a horo da kuɗi, tana Cape Town. Ba laifinsu ba ne. Sun yi nasu. Sai dai mun san wannan tsarin tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke shigowa gari da daddare, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim irin su Baban Larai, da safe mota ta wuce. Namu kallo ne kawai.

Saurayin Kanya Babba da ke haɗa barkwanci a waya, ko budurwar Roni da ta iya zane, ba basira suka rasa ba. Mutanen da suka tashi da tatsuniya da tashe, inda ɗan kallo ke cikin wasan tsundum, ba sa bukatar a koya musu yadda ake jawo mutum cikin labari. Abin da ke tare su a bayyane yake. Kayan aiki da dala ake sayensu. Haɗa irin wannan bidiyo na son kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya. Takardun neman tallafi kuma da Turanci suke, suna tambayar ayyukan da ka taɓa nunawa, alhali ba ka taɓa riƙe kyamarar ba. Ga 'ya mace, ƙara da cewa ba kowane gida ne zai bar ta ta tafi Legas ko Abuja horon mako biyu ba.

Abin mamaki, yankin nan ba maraya ba ne a ilimin kwamfuta. Kazaure na da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. A ganina nan ya kamata tallafi ya sauka, kuma ba da sunan taron bita da rabon satifiket ba, don mun ƙoshi da su. Ɗaki guda ake so mai sola, da kwamfuta biyu ko uku, da kyamarorin da za a riƙa ba da aro kamar littafin laburare, ga ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba. A karɓi takardar nema da Hausa, ko ma da saƙon murya. A ware wa mata ranakunsu.

Kuɗin ma akwai inda za a nema. Shirin iDICE da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, na sama da dala miliyan 600, don masu fasahar zamani da masu ƙirƙira aka yi shi. Sai dai wanda ya san ƙofa shi ke shiga, kuma makaranta ta fi ɗan ƙauye sanin ƙofa.

Kada kuma a manta da rigimar ƙauyen finafinai da aka so ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016, wanda aka fasa bayan malamai da jama'a sun ƙi amincewa. Duk wanda zai kawo wannan aiki Babura ko Gwiwa, ya fara kai tabaran gaban hakimi da liman su sa da kansu, su ga hawan sallar Kazaure ko ranar kasuwar garinsu a ciki, kafin a yi maganar ɗaukar kowa.