Shigar da Ɗalibai Cikin Darasin Lissafi a Manyan Makarantun Yola da Jimeta

A wannan sashe za mu dubi dabarar koyar da lissafi wadda ke sa ɗalibi aiki a cikin aji, maimakon ya zauna yana kwafar abin da malami ya rubuta a allo. Batun ya shafi Jami'ar Modibbo Adama, amma ya fi shafar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Yola, wadda aka kafa a 1974, domin ɗalibanta su ne malaman gobe, kuma yadda aka koyar da mutum haka yakan koyar.

Masana sun gwada wannan dabara. A shekarar 2014, Scott Freeman da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniyanci da lissafi. Sun gano cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai sun faɗi a azuzuwan da ake lacca zalla, alhali kashi 22 ne suka faɗi inda ake sa su aiki.

Ga misalin yadda ake yi, bisa tsarin da Eric Mazur ya fito da shi a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990. Malami ya kawo tambaya daga muhallin ɗalibai: manomin shinkafa a bakin Tafkin Geriyo yana da fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, idan ya ninka tsawon da faɗin duka, sau nawa girman filin zai ninku? Kowa ya ba da amsa shi kaɗai ta hanyar ɗaga hannu. Wasu za su ce sau biyu. Sai malami ya ba su minti uku su yi muhawara da maƙwabtansu, da Hausa ko Fulfulde ko Ingilishi, sannan a sake tambaya. Da kansu za su gano cewa murabba'in mita 600 ya koma 2,400, wato sau huɗu ke nan.

Wannan tsari ba ya buƙatar kwamfuta ko lantarki, kuma yana yiwuwa a aji mai cunkoso. Abin da yake ci shi ne lokaci. Don haka muna ba masu tsara manhaja shawarar su ware wa irin wannan aiki lokaci a kowane darasi, su kuma sa jarrabawa ta nemi ɗalibi ya bayyana dalilin amsarsa.