Ruwan Famfon Minna: Ƙa'idar Tsabta Da Kuɗin Cika Ta

MINNA – Masu masauki da gidajen burodi da masu sarrafa ƙanƙara da ruwan leda a birnin Minna duk jarinsu ya rataya ne a kan ingancin ruwa. Saboda haka ya kamata su san abin da doka ta ce a kan ruwan sha, da kuma dalilin da ya sa cika wannan doka ke da wuya ga hukumar da ke ba garin ruwa.

Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Ruwan famfonta yana fitowa ne daga matatar Chanchaga, wadda ke dogara da madatsar Tagwai, sai kuma tsohuwar ƙaramar madatsar Bosso. Hukumar Ruwa ta Jihar Neja ce ta daɗe tana kula da waɗannan wurare, kafin a yi mata garambawul ta koma kamfanin ruwa da magudanai na jiha, wato NISWASEC. Neja na cikin jihohi 6 da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa wa a wani shirin gyara harkar ruwan birane da aka fara a 2018, shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabta.

Ma'aunin da ake auna ruwan sha da shi a Nijeriya shi ne wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 mai lamba NIS 554, aka kuma sabunta shi a 2015. Ma'aunin ya ce kada a sami ƙwayar cutar da ake kira E. coli, wadda ke nuna cuɗanya da najasa, ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50, ƙarfe kuwa miligiram 0.3. Sa ido a kan ruwan da jama'a ke sha aikin ma'aikatun lafiya ne, amma ruwan leda da na kwalba yana hannun NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

A cikin matata aikin a bayyane yake. Ana zuba alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ruwan ta cikin yashi, a daidaita tsaminsa da farar ƙasa, sa'an nan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Da damina, lokacin da kogi ke ɗauko jar ƙasa daga gonaki, alif ɗin da ake buƙata yana ƙaruwa ƙwarai. Yawancin kulorin kuwa daga waje ake sayowa, don haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kamar yadda aka gani tun daga Yunin 2023, kuɗin tace kowace lita yana tashi, alhali kuɗin da mai famfo ke biya bai motsa ba.

Sai dai babbar matsalar tana tsakanin matata da gida ne. Ruwa yana iya barin Chanchaga da tsabtarsa ya isa Kpakungu ko Maitumbi a gurɓace. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana yana tura ruwa waje ta duk inda ya tsage, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Da zarar an tsayar da injin turawa, ƙarfin ruwan ya faɗi, sai bututun ya koma yana tsotso abin da ke kewaye da shi, kuma a unguwanni da yawa bututun yana ratsa kwata ne. Ke nan rabon ruwa na kwana-kwana da ɗaukewar wutar lantarki su kansu haɗari ne ga lafiya. Abin takaici ne a ce haka na faruwa a jihar da ke da tashoshin Kainji da Shiroro da Zungeru.

Ta fuskar tattalin arziki, lamarin zagaye yake yi. Ruwa ba ya zuwa kullum, sai jama'a su ƙi biya. Kuɗin shiga ya ragu, sai a kasa sayen magani da man inji da gyaran bututu. Ruwan ya ƙara ƙaranci. Wani kaso na abin da aka tace yana tsiyaya a ƙasa ko a janye shi ta haramtacciyar hanya, ba tare da ya kawo ko kwabo ba. Gidan da bai biya hukuma ba kuwa yana biyan 'yan ga-ruwa, kuma kowace jarka ta fi ruwan famfo tsada nesa ba kusa ba, ga shi babu mai gwada ta. Talaka ne ke sayen ruwa mafi tsada a Minna, kamar yadda yake a Kano da Zariya.

Masu hali sun koma ga rijiyar burtsatse. Amma ƙasar Minna dutse ce, ruwan ƙarƙashinta yana cikin tsagogi ne, ba ko'ina ake dace da shi ba, kuma rijiyar da aka haƙa kusa da masai tana iya ɗauko najasa da naitiret. Batun dalma ma ba a nesa yake ba: a 2015 yara 28 suka mutu da gubarta a ƙaramar hukumar Rafi, inda ake haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitiret. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a faɗin ƙasa, Neja na cikin jihohin da ta shafa.

Ɗan kasuwan da sana'arsa ke amfani da ruwa yana da abin yi ba tare da jiran gwamnati ba. Ya kai samfurin ruwansa ɗakin gwaji sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, ya adana takardar sakamakon, domin jami'an NAFDAC da duba-gari suna iya neman ta. Ya riƙa wanke tankinsa, ya zubar da ruwan farko da ya zo bayan an daɗe babu, ya kuma tambayi mai tanka inda ya ɗebo. Ƙaramin kayan auna kulorin ba shi da tsada, kuma idan ya nuna ƙasa da miligiram 0.2 a lita a bakin famfo, to ruwan yana buƙatar ƙarin magani kafin a ba baƙo ko a kwaɓa fulawa da shi.