Furen kabewa: abin marmarin da muke bari yana bushewa a bayan gida

Da zarar damina ta kankama, kabewa kan yaɗu a bayan gidaje da bakin gonaki, ta fitar da furenta ruwan ɗorawa. Mu dai abin da muka saba shi ne a jira ta nuna a yi miyar taushe. Furen kuwa sai ya yanƙwane ya faɗi, ba mai kallonsa. To, a wasu ƙasashen kuɗi ake sawa a saye shi a kasuwa.

A Meziko, inda aka fara noman kabewa kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ana naɗe furen da cuku cikin gurasar masara. Mutanen birnin Rum na Italiya sukan cusa masa cukun mozzarella da ɗan kifi mai gishiri, su tsoma a ƙullun fulawa su soya. A Turkiyya da Girka, shinkafa da ganyen ƙamshi ake cusa masa a dafa. Lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne kakarsa, kuma shi ake fara ajiye wa baƙo ya motsa baki kafin babban abinci.

Duk wanda na ba wannan labari, tambayarsa ɗaya ce: "In an tsinke furen, ina kabewar za ta fito?" Tambaya ce mai kyau. Kabewa fure iri biyu take yi. Namiji yana kan dogon siririn kara. Macen kuwa tana da ɗan ƙullutu a gindinta, wanda shi ne zai zama kabewar. Namijin ake ci, kuma ya fi yawa. Sai dai a bar wasu, domin daga jikinsu ƙudan zuma ke kwasar garin da suke kai wa macen. Furen da asuba yake buɗewa, ya rufe kafin azahar, don haka da hantsi ake tsinka, bayan zuma sun gama zagayensu. A leƙa ciki fa, kada a taho da ɗaya.

Ga yadda nake yi. Fure 12, a cire ɗan tsinken da ke tsakiya, a ɗauraye a hankali, a bari ya tsane. A dama fulawa kofi 1 da ruwan sanyi kofi 1, da gishiri da ɗan yaji, ƙullun ya fi na ƙosai ruwa. A murmushe wagashi da albasa, a zuba ƙaramin cokali cikin kowane fure, a murɗe bakin. A tsoma a ƙullu, a saka a man gyaɗa mai zafi, minti 2 zuwa 3 ya isa. Da zafinsa ake ci, in ya huce sai ya yi laushi.

Wanda tafiya ta kai shi Turai ya tambaya kafin ya ci, don wasu masu abinci da giya suke dama ƙullun. Ruwan soda mai sanyi yana ba da irin wannan ƙarau-ƙarau ɗin. Haka kuma kada a tsinka a gonar da aka fesa wa maganin ƙwari, kuma in aka ji ɗaci a zubar, ɗacin dangin kabewa yana ɓata ciki sosai.

Furen ba ya kwana, ranar da aka tsinka ake soyawa. Mai kabewa a bayan gida ya gwada a daminar bana.