Malamin aji a karkarar Kano: Alli da safe, bin sawun ɗalibai da yamma

Da zarar ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, rajistar aji a makarantun sakandaren Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Tsanyawa takan fara nuna alama. Yaron da bai taɓa fashi ba tun farkon zango, sai a kira sunansa kwana uku a jere babu amsa. Kowa ya san inda yake: yana gonar gidansu da fartanya a hannu.

Wanda ke kiran sunan shi ne malamin aji. A takarda, aikinsa koyar da darasinsa ne, da kiran suna, da cika katin sakamako. A zahiri kuwa, shi ne yake fara lura da wanda ya zo bai karya ba, da wanda ya daina magana a aji, da yarinyar da ƙawayenta suka fara raɗe-raɗin an kai kuɗin aurenta.

Zangon karatu da zangon noma

Arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na haɗe da gona, kuma ana nome su kowace shekara ba hutu. Hannun kowane yaro yana da amfani a gida. Jarrabawar zango na uku takan faɗo a tsakiyar noman farko da maimai. Zangon farko kuma, daga Satumba zuwa Disamba, yana cin karo da girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake da yankan dawa.

Bayan kaka ma ba a huta ba. Akwai noman rani a gefen madatsun ruwan Watari da Thomas, akwai kuma cin rani da ke jan samari zuwa birni.

Malamin da ya san aikinsa ba da bulala yake fara tunkarar wannan ba. Bayan an tashi, sai ya hau babur ya je ƙauyen yaron, sau da yawa da man da ya saya daga albashinsa. Ya yi sallama da mahaifi a zaure, a gaisa, a tambayi damina, sannan ya shigo da maganar. Abin da akan nema shi ne sulhu: yaro ya zo makaranta da safe, ya tafi gona bayan azahar. Idan magana ta ƙi, sai a sa bakin mai unguwa ko liman.

Batun 'yan mata ya fi nauyi, domin malami namiji ba ya shiga cikin gida. Nan ne ƙarancin malamai mata a karkara yake ciwo, don su ne ke iya zama da uwa su roƙi a bar yarinya ta zana jarrabawar NECO kafin biki. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, yana ba iyalai marasa ƙarfi tallafin kuɗi don 'ya'yansu mata su zauna a makaranta. Amma sai wani ya lura yarinya ta ɓace kafin a nemo ta.

Daren makarantar kwana

A makarantun kwana irin su Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, nauyin yana kan malamin da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Shi ake tasa cikin dare idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, shi ne kuma alƙali idan manyan ɗalibai sun zalunci ƙanana.

Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina a Disambar 2020, da na Jangebe a Fabrairun 2021 wanda ya sa Kano ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari, an ƙara masa wani aikin: ƙirga yara kafin barci da amsa wayar iyayen da hankalinsu ya tashi.

Aikin da ba ya cikin jadawali

Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024. An fi jin maganar gine-gine, kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk ana buƙatar su. Sai dai kula da tarbiyya da halin da ɗalibi ke ciki yana cin lokaci, kuma malamin da aka ɗora wa darussa a aji biyar ko shida bai cika samunsa ba.

Abin da zai sauƙaƙa aikin ba mai tsada ba ne: a rage wa malamin aji yawan darasi, a ba shi horo kan ba da shawara, a ware masa ɗan kuɗin mai na ziyarar gidaje, a kuma tura malamai mata ƙauyuka tare da masaukin da za su iya zama.

Iyaye ma suna da nasu. Idan ɗanka yana sakandare, nemi lambar malamin ajinsa ka kira shi kafin damina ta kankama, ku tsara yadda yaron zai taimaka a gona ba tare da sunansa ya fita daga rajista ba.